Dodona Mai Kai Bakwai da Mai Furar Ƙanwata

Jiya a wurin mai shayi wani ɗan kabu-kabu ya ɓalle murfin kwalbar lemo da haƙori. Murfin ya faɗi kan tabur, ya yi ta juyi kafin ya kwanta. Wallahi sai da na miƙa wuya in ga rigingine ya faɗi ko rub da ciki. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. An yi wata damina a Maraɗi da rayuka suka rataya a kan kwanciyar murfi.

Lokacin ne aka buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka fito kamar kwaɗi bayan ruwan farko, kowace da kukanta. Malamai na yajin aiki, lakwal a rufe, har ƙadangaru sun raba ajinmu gida gida. Kawuna, ƙanin innarmu, ya dawo daga jami'ar Yamai da jaka ɗaya, rabin gemu, da wani wasa da ya koyo wurin abokansa.

Ga yadda ake yin sa. Bayan la'asar mu jawo ƙaramin tabur ƙarƙashin dogon yaro. Kowa ya gina mutuminsa da yumɓun da muke ɗebowa bakin Gulbi. Kawu ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, sana'ar mutumin, ƙarfinsa da wayonsa. Shi ke ba da labari, mu ke faɗin abin da mutanenmu za su yi, murafun kwalba huɗu da ake watsawa ke yanke hukunci: uku suka faɗi rigingine, ka yi nasara. Doka ɗaya ce mai zafi. Wanda aka kashe, mai shi ne zai saka shi cikin bokitin ruwa da hannunsa, kowa na kallo har ya narke.

Mu maza duk jarumai muka gina. Ƙanwata kuwa, da ba ta gama famfarar haƙori ba, Mai Fura ta gina, da ƙwaryar ɓawon gyaɗa a ka da ludayin tsinke. Mun yi dariya har kaji suka watse. Amma jarumanmu sun yi ta narkewa muna sake wasu, Mai Fura tana nan. Duk fitar da aka yi kawu sai ya ƙara mata layi a kaye: ta koyi iyo, ta koyi yaren kura, ta sami jaki. Ƙanwata na kwantar da ita cikin gwangwanin madara, ta rufa mata ƙyalle, ta hana kowa tari kusa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne dodannin kawu. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya dunƙule yumɓu, ya soka masa ƙaya biyu, ya rubuta layi biyu, shi ke nan wai dodo. Ni a ganina rowa ce.

Ana haka babanmu ya ce tun da karatu ya tsaya, kawu ya tafi Jiratawa ya kama wa dangi aikin garka. Ranar tafiya ya miƙo mini kaye, ni ne babba. Ya ce, "Ka yi musu dodo. Layi biyu, kada ka wuce."

Kwana uku na yi. Kai bakwai na ɗora masa, kowane da haƙoran ƙayar aduwa da jajayen idanu. Da na tsayar da shi, ƙafar tabur sai da ta yi ƙara. Shafi huɗu na cika: garin da aka haife shi, halin uwarsa, wulaƙancin da aka yi masa yana ƙarami, burinsa na zama sarkin ruwa. Ƙarfe ba ya cin sa, wuta ba ta ƙona shi, kuma kai ka kai sara ɗaya, shi ya kai bakwai. Duk gatan da ake yi wa mutumin wasa na yi masa, na ƙara da wanda ba a yi wa kowa.

Maharbin ɗan baffana ne ya fara shiga bokiti. Ɗan Damben maƙwabcinmu ya bi shi, ko naushi bai kai ba. Ruwa ya yi ja da yumɓu. Saura Mai Fura. Ƙanwata ta damƙe ta a hannu, ta ƙi taɓa murafu.

"Yaya, ba ta yi mishi komi ba," in ji ta.

Na ce doka doka ce. Ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai.

Kakarmu, uwar babanmu, na gefe tana tsinke zogale. Ƴar Tibiri ce, daga gidan da ba su saki al'adun da ba, tana maganar dodanni da iskoki kamar maƙwabtan da ta san halin kowanensu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, kawo wanga ƙaton in gani."

Ta juya shi gaba da baya. "Ina lagonshi?"

"Ba shi da lago, tsohuwa. Shi ne kyan shi."

"Kai, mijin banza! Duk dodon da na sani akwai inda aka kama shi. Wani gishiri, wani cara ta zakara. Kwana nawa ka yi kana gina shi?"

Na ce uku.

"Ashe haihuwa ka yi. Shi ya sa ba ka son ya mutu. Ita ɗiyar nan wata uku tana renon tata, kai kwana uku, kuma naka ne zai ci tata?" Ta mayar mini da shi. "Mutum a kan gina shi don ya daɗe. Dodo don yamma guda a kan yi shi, ya ba da tsoro, a kada shi, a tahi cin tuwo."

Ta juya wurin ƙanwata. "Ke, mi ke cikin ƙwaryarki?"

"Hura."

"To, baƙo ya zo, ba a ba shi?"

Ƙanwata ta share hanci, ta ajiye Mai Fura gaban dodo, ta ce ta miƙa masa ƙwarya. Duk idanu suka dawo kaina. Na duba shafi huɗun nan, babu inda na hana shi shan fura. Baki bakwai, ludayi ɗaya. Ina iya cewa ya haɗiye ta da ƙwaryar duka, ba mai hana ni. Sai na ji bakina na cewa kai na farko ya ce shi ne shugaba, shi zai fara sha. Na biyu ya ce ba a yi zaɓe ba. Na uku da na huɗu suka haɗa ƙawance, suka ciji na farko, sannan suka ciji juna. Na biyar da na shida su ma suka kaure da juna. Na bakwai ya tafi yajin aiki. Ɗan baffana ya faɗi ƙasa don dariya, kaka ta ce haka rediyo ke faɗi kullum. Ƙanwata ta watsa murafu, uku suka faɗi rigingine, Mai Fura ta ƙwala wa kan da ya rage ludayi.

Ni na ɗauki dodon na kai bokiti. Bai shiga duka ba, sai da na karya shi biyu. Ban yi kuka ba, hayaƙin murhu ne ya shiga idona, ko da yake ba a hura wuta ba tukuna.

Yau ƴaƴana a waya suke wasansu. Dodanni na mutuwa ɗari ɗari kafin a kira magariba, ba wanda ya san nauyin ko ɗaya a tafin hannunsa. Wani lokaci nakan ƙwace wayoyin, in sa su kwaɓa yumɓu. Nasu mutanen ina barin su su ƙawata har su gaji. Nawa dodon kuwa lago nake fara yi masa kafin haƙora, kuma ban sake yi wa ko ɗaya uwa ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Ƙanwata na unguwar Zariya ta Maraɗi da ƴaƴanta biyar. Har gobe in na je gidanta, ita da kanta ke dama mini fura, ta ajiye ƙwarya gabana, ta riƙe ludayin ba ta saki ba, ta ce, "To yaya, wane kan ne zai fara sha?"