Wayar da Ta Cika da Sunan Allah

Wata Talata a watan Yulin 2012, ina zaune a bakin tagarmu a hawa na biyar a unguwar Morrisania, na manna goshi a jikin ƙarafunan da aka gindaya don kada yara su faɗo, sai wayar hannuna ta yi ƙara, hoton ambulan ya fara ƙyaftawa. Saƙo ya iso, amma babu inda zai shiga, waya ta cika maƙil. Na kuma san mai shi, don a duk faɗin New York mutum ɗaya ce take turo mini saƙo.

Shekarata goma sha ɗaya lokacin, ban daɗe da zuwa daga Kano ba. Baba yana jan tasi, a layin filin jirgin sama na JFK yake wuni, Umma kuma tana jinyar wata tsohuwa a unguwar Jamaica. Dokar gidan guda ce: in sun fita, ba a buɗe ƙofa. Ni da na tashi a gidan yawa, ina carafke a zaure, ina 'yar gala-gala a lungu har sai an biyo ni da tsintsiya, sai ga ni an bar ni da kakata Inna, wadda aka ɗauko takanas don ta tsare ni, alhali ita kanta ko lif ba ta yarda ta shiga. Mu yi wanke-wanke, mu yanka kuɓewa, mu ninke kaya, mu zauna gaban fanka muna kallon juna. A ƙasa kuwa yara sun ɓalle famfon 'yan kwana-kwana suna ta ihu cikin ruwa.

Mai turo saƙon, Salwa, 'yar Yaman ce, babanta yana da shago a can bayan layin jirgi. A ajin masu koyon Turanci muka haɗu, ni da ita duk kurame ne a wurin malama. Ɗan Larabcin Islamiyyata shi ya haɗa mu, ko da yake dariya take mini, wai ina magana kamar liman. Da hutu ya zo aka kulle ta kamar yadda aka kulle ni, sai muka koma tes, ni da tsohuwar wayar Umma, ita da wayar shagonsu a ɓoye. Wayoyin ba su da baƙaƙen Larabci, shi ne ta koya mini dabarar yaransu: a rubuta da boko, harafin da babu shi a ari lamba. Uku ta tsaya wa ainun, bakwai da biyar su tsaya wa ha ɗin nan guda biyu. Sai ka ga “al7amdulillah” ko “5alas” kamar jarrabawar lissafi.

Ranar da na nuna wa Inna, sai da ta share hawaye don dariya. “Takwara,” don sunanta na ci, “wato ha ƙarami ne ya zo Amurka ya canja kaya?” Amma da ta ga zan goge wani saƙo, hoton kwandon shara ya fito, sai fuskarta ta canja. “Sunan Allah za ki zuba a bola? Ba a gabana ba.” Salwa kuwa ba ta iya rubuta layi guda babu wallahi ko in sha Allahu. Kada ku ce me ya hana ni gogewa a ɓoye. Ni ma fa tashin makarantar allo ce, in na ga takarda mai Larabci a ƙasa ɗauka nake in cusa a tsagar katanga. Yatsana ya sha zuwa kan maɓallin ya dawo.

Na tura wa Salwa cewa wayata ta cika, ta kira ni. Ba ta kira ba, don kira yana da murya, babanta kuma yana da kunne. Inna ta ce a bari Baba ya tambayo malam a masallaci ranar Juma'a. Baba ya ce to, ya dawo a gajiye, ya ce kash, ya manta. Ambulan nan yana ta ƙyaftawa, ni kuma na daina taɓa tuwo.

Ranar Asabar Inna ta gaji da ganin kwanona a rufe. Ta jawo akwatinta ta fito da allon da ta taho da shi daga gida, ta ɗiga ruwa a busasshiyar tawadarta, ta ce in karanto. Ina karantawa tana mayar da kowace lamba harafinta na asali, tana mita: “Wannan ƙawar taki Balarabiya ce kuwa? Ko wasali babu!” Da allo ya cika ta wanke a kwano, ta miƙo mini na sha, ita ma ta kurɓa. “To, sunan ya tashi ya koma gidansa. Abin da ya rage boko ne da lissafi, goge abinki.”

Ina gogewa saƙon ya faɗo. Babanta ya sayar da shagon, za su koma Michigan. Ranar Alhamis da safe motarsu za ta bi ta ƙarƙashin gidanmu, in leƙo ta taga, za ta ɗaga mini hannu. Alhamis ɗin kuwa ta riga ta wuce, ranar ma a tagar na wuni. Motoci sun yi ta wucewa, ban san akwai wadda ya kamata in duba ba. Na rubuta mata amsa. Can sai wani ya maido amsa da Turanci, yana tambayar wane ne. An bar wayar tare da shagon. Inna ta daɗe tana goge allon da gefen zaninta.

Yanzu aiki ya kai ni Alƙahira, ya kai ni Jidda, har Michigan ɗin na je na yi ta kallon fuskokin mata a kantuna kamar marar aikin yi. Inna ta rasu a Kano, a ɗakin da ƙofarsa ba ta rufuwa sai barci. Wayata ta yau tana da baƙaƙen Larabci har da wasali, kuma ko shekara nawa zan yi ban goge komai ba, ba za ta cika ba. Wuri ya samu, mai turo saƙon ce babu.