Geron da Inna Ta Ƙi Ci

Yayana direban motar kashe gobara ne a Maraɗi, kuma wallahi ban taɓa ganin mutum ya so ƙarfe kamar yadda ya so motar nan ba. Kyauta aka kawo musu ita daga wata ƙasa, ja wur, tana sheƙi. Yakan ce mini motar tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati a jikin injin da ke gaya masa yaushe zai ja mai, yaushe zai sassauta. Ni kuma in ce, "To madalla, Yaya, ko ba komai ɗayanku yana da ita." Sai ya ɗaga hannu kamar zai make ni, mu yi ta dariya.

Innarmu tana Tsibiri. Ko da Baba ya rasu ta ƙi dawowa birni, gonarta take nomawa, rumbunta kuwa yana bakin gari cikin jerin rumbunan unguwa. Mace ce mai tsantseni har ya yi yawa. Abin da ba ta san asalinsa ba ba ya shiga bakinta, ko da kuwa ɗan cikinta ne ya kawo. Haka ta tarbiyyantar da mu, kuma Yaya ya fi ni ɗauka.

Bayan kaka ne, an gama zuba damman gero a rumbu. Ina shagona a kasuwa wajen azahar, ina warware wa wata mata atamfa, aka kira ni a waya cewa wuta ta kama rumbuna a Tsibiri. Ko shagon ban rufe ba na tare kabu-kabu. Muna kan hanya sai ga jiniya a bayanmu, mai babur ya kauce, motar ta wuce mu fuu, na hango Yaya a sitiyari. Nan take hankalina ya kwanta. Na ce wa mai babur, "Yayana ne wancan," kamar ya tambaye ni.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne bai makara ba. Da na iso, wutar tana kan rumbunan gefe, ba ta kai na Inna ba. Sun ja tiyo, ruwa na fita da ƙarfi, mata har sun fara hamdala. Sai injin ya mutu. Ba tari, ba gargada, tsit kawai, kamar an hure fitila. Tiyon ya saki a hannun mai riƙe da shi. Yaya ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, wata 'yar fitila ja tana ƙifta masa ido. Ya sauko ya buɗe injin, ya koma, ya sake saukowa. Ga tanki cike da ruwa, ga iska tana tura wuta. Mutane suka koma ga bokiti da ƙasa. Ina! Muna tsaye rumbun Inna ya kama, jinkarsa ta rufta ciki, ƙaurin gero ya cika gari.

Sai wani a cikin taro ya ɗaga murya: "Ya sayar da gazuwal! Na kwalba ya zuba mata!"

A garinmu kowa ya san wannan zance. Motar gwamnati in ta mutu a hanya ba a tambayar komai, an san direba ya zuƙe gazuwal, wato man kirki, ya sayar, ya cika ta da na bakin hanya da ake gaurayawa da kananzir. Akwai masu yi, ban musa ba. Amma Yaya? Haba! Duwatsu suka fara sauka kan motar. Na shiga gaba ina zagi, ban ma san wa nake zagi ba, gyalena ya faɗi aka tattake. Inna tana tsaye a gefe, ta ji komai. Da wutar ta gama abin da za ta yi, Yaya ya sake murɗa makulli, shegiyar motar ta tashi lafiya lau. Aka sa masa ihu.

Makanikai sun duba motar ba su ga komai ba, aka sauke shi daga tuƙi. Wannan bai dame shi kamar abin da Inna ta yi masa ba. Ƙarshen wata ya sayi buhun gero mai kyau, muka kai mata tare.

Ta dubi buhun ta ce, "Ajiye shi can bayan ƙofa."

Ya ce, "Inna, kin yarda da abin da suke faɗi?"

"Ban ce ka yi ba, ban gani ba. Amma mota ba ta mutuwa haka kawai, kuma ni ban san da mi aka sayi wanga gero ba."

Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ta ce kada ya soma. Wannan ne ya karya shi, don ya gane tsoro take ji kada ya rantse a kan ƙarya.

Maƙwabta suka haɗa mata gudummawa, wannan dami, wancan kwano, da shi ta ci har damina. Buhun yana nan bayan ƙofa, ɗinkin bakinsa ko motsi bai yi ba. Duk zuwan da Yaya zai yi gaishe ta, kafin ya durƙusa sai idonsa ya kai wurin. Na yi faɗa da Inna, faɗan da ban taɓa yi da ita ba. Na ce, "Ke kika haife shi, ko mutanen gari?" Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Daga baya ya ajiye aikin ya koma Jiratawa, wani abokinsa ya ba shi fili a lambu, yana noman zogale da albasa. Ya ce injin ban ruwa ya fi masa, don in ya mutu zai iya buɗe shi ya ga dalili da idonsa. Ya rame, dariyar nan ta tafi. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi, kafin a ankara an kai shi gidan likita, ashe ba tashi. Ranar zaman makoki Inna tana kuka tana cewa ta yafe masa duniya da lahira. Na fita waje don kada in yi magana. Ta yafe masa me?

Bayan sadakar arba'in sai ga abokin aikinsa a shagona, wanda ya riƙe tiyo ranar gobarar. Ya ce kamfanin da ya ƙera motar ya gano matsala a irinta duka. Tsarin da aka ɗora wa ƙwaƙwalwar injin ne ke da kuskure: in mota tana tsaye tana tura ruwa, zafi ya ɗan hau, sai ƙwaƙwalwar ta ɗauka injin zai ƙone, ta kashe shi da kanta. Kamfanin ya daɗe da yin kira a maido motocin a gyara, amma tasu ta bi ta hannaye da yawa kafin ta iso Maraɗi, kiran ma haka ya yi ta yawo. Wani ya zo daga Yamai da ordinatar, wato kwamfuta, ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari. Kafin shayin da suka ɗora ya nuna, ya ce an gama.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Hajiya."

Na ja shi muka hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, na ce ya maimaita a gaban Inna, don daga bakina ba za ta karɓa ba. Ta saurara har ya gama. Zancen ƙwaƙwalwa bai shige ta ba, abu ɗaya ta tambaya.

"Man da ke cikinta fa?"

"Mai kyau ne, Inna. Ko ɗigo bai taɓa ba."

Sai ta ce in miƙo mata wuƙa. Ta kama bakin buhun da kanta, ta yanke ɗinkin. Ƙwari suka yi ta fitowa, geron ya zama rabi gari rabi ɓawo, yana warin rima. Na ce, "Inna, wannan ai sai kaji." Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗebo a faifai ta sheƙe, ta tsince, ta hana ni taɓa taɓarya, ita ta daka da hannunta tana nishi. Ta tuƙa tuwo, ya fito baƙi-baƙi.

Na wanke hannu zan taya ta, ta janye kwanon.

"Ni ya kawo wa."

Na ga yadda ɗacin ke murɗa mata baki, hawaye na zuba cikin miyar. Ba ta bar ko loma ba. Da ta suɗe hannu, ta ɗaure bakin buhun da igiya, ta ce in taimaka mata mu ɗauke shi daga bayan ƙofa, gobe ma shi za ta ci.