Dokar da Na Kafa wa Ɗanladi

A makon nan Malam Ɗanladi ya cika shekara bakwai da rasuwa. Kowace shekara nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa a wannan shafi, sai in ga abin da zan faɗa ya fi kama da tonon asirin kaina fiye da yabon mamaci, in ajiye. Bana dai ba zan ajiye ba.

Ɗanladi mutumin Jiwa ne, Gbagyi, ɗan manoma. Shi ne mai kula da ɗakin karatu a ma'aikatar da na yi wa aiki har na yi ritaya. Ni kuwa Bakano ne da aiki ya jefo Abuja, iyali suna gida, sai ƙarshen wata nake ganinsu. Wanda bai zauna a garin nan shi kaɗai ba bai san Lahadin Abuja ba. Tituna fayau, kowa ya kulle get ɗinsa, ka wuni ba wanda ya ce maka ci kanka. Wata rana na je mayar da wani ƙaton littafi, sai ya dube ni ya ce, "Oga, wannan littafi ai an yi fim ɗinta. Ka zo gidana Lahadi ka ga yadda aka gyara ta." Wai gyara! Haushin maganar nan ne ya kai ni gidansa a Gudu, na je da niyyar in nuna masa bai san abin da yake faɗa ba.

Zuwan da na yi ke nan shekara goma sha ɗaya. Kowace Lahadi bayan azahar in biya kasuwar Gudu in sayi balangu, matarsa Maman Asabe ta dafa mana doyar gonarsu da manja, mu zauna gaban talabijin. Mun kalli na Rasha, mun kalli na Japan da Masar da Faransa da Indiya, daga zamanin kaset har aka koma faifai. Sharaɗin kawai shi ne fim ɗin ya kasance daga littafi aka ɗauko shi. Kallon ma ba shi ne daɗin ba, gardamar da ke biyo baya ce. Ni a wurina mai fim mahauci ne, ya kayar da sa guda ya miƙo maka tsire uku ya ce ga sanka. Shi kuma ya ce ai tsiren ne ke shiga baki, kuma gani ya kori ji. Marubuci, in ji shi, yana da taurin zuciya saboda shi kaɗai yake zama a ɗaki, mai fim kuwa yana aiki cikin mutane, shi ya sa yake da tausayi. Sau nawa na tashi a fusace na ɗauki hulata, Lahadi ta zagayo kuma ga ni a ƙofarsa da ƙunshin nama.

A shekara ta biyu na kafa doka: ba a kallon fim sai mu biyun mun karanta littafinsa daga bango zuwa bango. Ya yi dariya ya karɓa, ya sa mata suna dokar Oga. Akwai faifan da ya yi wata uku a kan teburinsa yana jira na, bai taɓa ƙorafi ba. Ni kuwa ina alfahari da dokar nan kamar wanda ya rubuta tsarin mulki.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon ƙoda ya kama shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A lokacin ne ya ba ni wani littafi mai shafi ɗari shida da ɗoriya, labarin wani tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa, yana ta jiran ƙanensa da suka ɓata tun suna samari. Shi ya riga ya gama. Ni kuwa an ƙara min girma, taro kan taro, ina ta jan ƙafa. Wata Lahadi na shiga na tarar ya fito da faifan ya ɗora a kan tebur.

"Oga, yau mu kalla kawai," ya ce. "Abin da ya rage maka, fim zai gaya maka."

Na yi dariya na ce doka doka ce, gaggawa aikin Shaiɗan, ya ba ni mako biyu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Oga." Muka sha shayi, muka yi hirar damina, na tafi kafin magariba. Ranar Alhamis ina Kano aka bugo min waya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa sabo ne kawai, sabo kuwa turken wawa. Amma gaskiyar ta fi haka ɗaci. Na ga idonsa a ranar, na kuma fahimci abin da yake nufi. In na yarda muka karya dokar, na yarda ke nan cewa ba shi da mako biyun. Tsoro na ji, sai na ɓuya a bayan doka, na bar mara lafiya da faifansa a kan tebur. Da na sani ƙeya ce.

Bayan sadakar bakwai Maman Asabe ta miƙo min faifan a leda. Na koma ga littafin na karanta har saura shafi arba'in, sai na rufe. Shekara bakwai ban buɗe ba. Muddin ban gama ba, dokar ta hana ni kallo, muddin kuma ban kalla ba, da sauran Lahadi guda da muke bin juna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shagon da yake sayen faifai a Gudu yanzu rigunan waya ake sayarwa. Jikokina in sun zo hutu kowa da wayarsa da abin kunne, wani can ya taƙaita musu fim ɗin awa uku a minti goma, su ce sun kalla. Da farko na ɗauka Ɗanladi zai yi murna, tunda ɓangarensa ya ci, gani ya kori ji har ya kori karatu. Yanzu ina ganin tambaya ɗaya zai yi: in sun gama, da wa suke gardama?

Watan jiya na je Jiwa gaida Maman Asabe, don can ta koma. Muna hira a gindin mangwaro na ce mata har yau faifan nan yana nan, ba wanda ya taɓa kallonsa. Sai ta ce, "Baba, ai mai gida ya kalla. Ranar da ka tafi ɗin nan, kana fita ya ce in zo in zauna. Ni ban iya karanta rubutun da ke fitowa a ƙasan fim ɗin ba, shi yana karantawa yana gaya min da Hausa, har muryarsa ta ƙare. Ya ce kada in gaya maka, wai za ka ce ya karya doka."

 Ɗanladi yana kan hanyar kabari, amma abin da ya dame shi kada in ji haushi.

Da na dawo na karance shafi arba'in ɗin a zama ɗaya. A littafin, ƙanen ya iso bayan an binne tsohon. Na kakkaɓe tsohuwar na'urata, Lahadi bayan azahar na sa faifan. A fim ɗin jirgin ya tsaya, ƙanen ya sauko, ya tarar da yayansa da rai, suka zauna a benci ɗaya. Da a da ne da na daka tsalle na ce an ci amanar marubuci. Na juya gefen hagu, inda yake zama, bakina cike da magana, babu kowa sai fanka tana juyawa.

Ɗanladi bai bar gida a Abuja ba, bai rubuta littafi ba, ɗakin karatun ma an mayar da shi ma'ajiyar fayil. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne Lahadi ɗari biyar da wani abu da ya hana ni zama ni kaɗai, da guda ɗaya tak da ya roƙe ni na hana shi. Allah ya jiƙan Malam Ɗanladi, ya sa ya huta. Gardamar shekara goma sha ɗaya kuwa, ga shi na rubuta a jarida kowa ya gani: shi ne mai gaskiya, ƙarshen fim ɗin ya fi na littafin. Gara a iso da wuri.