Kawu a Ƙofar Filin Golf

Jiya ƙanshin ɗanyar ciyawa a gonarmu ta Zurgu ya tuno mini da marigayi Kawu. A wani filin wasan golf na birni ya ƙare ƙarfinsa, yana gyaran ciyawa tun zamanin da Turawa kaɗai ke buga ƙwallon.

Da ya tsufa, na raka shi ya sake ganin wurin. Sabon maigadi ya tare mu: "Baba, sai 'yan kulob."

Raina ya ɓaci. Kawu kuwa ya dafa ni, ya leƙa ta shinge. "Ƙyale shi, ɗana. Itatuwan maɗacin can ni na dasa su. Tunda suna raye, ai na gaisa."

Muka juyo gida Rano yana ta fara'a.

Allah ya buɗe masa ƙofar Aljanna.