Inna Sake da Gaisuwar Tsofaffi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, tun mai shara bai gama da baranda ba, za ka ji ƙarar makullai a ƙarshen layin ofisoshi. Inna Sake ce ta iso. Za ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe kwamfutocinta biyu da shi, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta zauna. Shekara talatin da huɗu ke nan tana riƙe da ɗakin ajiyar takardu na makarantarmu ta koyon jinya da ungozoma. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Inna Sake ba sunan yanka ba ne. Mu malamai muka laƙaba mata, kuma Allah na gani ba don ƙauna ba. Duk wanda ya kai mata sakamakon jarrabawa a kwamfuta, sai ta buɗe, ta leƙo shi ta saman tabarau, ta ce, "Ɗan nan, sake ajiye shi." Ko shugaban makaranta bai tsira ba.

Ga abin da take nufi. Kowace manhajar rubutu tana da yadda take ƙulle takarda in ta ajiye ta, wasu kuma ba mai kwance ƙullin sai ita manhajar. Ranar da masu ita suka daina yin ta, takardarka tana nan, amma ta kurumce. Akwai kuma tsarin da ƙasashen duniya suka zauna suka amince da shi, aka wallafa ƙa'idojinsa a fili, kowa na iya gina abin da zai buɗe shi. Wannan Inna take so, ba ta karɓar wani. A wani taron bita na kwana uku ta jiyo zancen. Sauran ma'aikata sun dawo da jaka da biro, ita ta dawo mana da rigima.

Inna, matar da ta fara aiki da tafireta, ita ce ta zauna ta juye fayilolin shekara goma sha ɗaya zuwa sabon tsari, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa ta. Masinjan ofis ya ce sau biyu aka zo kwashe tsohuwar kwamfutarta a kai shara, sau biyu tana tsayawa a bakin ƙofa ta ce, "Sai na gama da ita." Da ta gama kuma, sai ta ɗauki wata al'ada. Kowace Alhamis da safe za ta rufe ido ta ɗora yatsa a jerin tsofaffin fayiloli, ta zaɓi goma, ta buɗe su a sabuwar kwamfuta ta ga ko suna nan lafiya. Tana da littafi mai jan bango da take rubuta sunan kowane da yadda ta same shi. In ka shigo a lokacin, sai ta ɗaga maka hannu: "Dakata, ina gaida tsofaffi."

Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani. Ranar da ta dawo mini da sakamakon ɗalibaina karo na uku, na ce, "Haba Inna! Ba ga shi ya buɗe ba?"

Ta ce, "Yau ya buɗe. In ɗiyar wani ta zo nema bayan shekara ashirin fa, kai za ka zo ka buɗe mata?"

Na fita na banko ƙofa, na rubuta wa shugaba takardar ƙorafi shafi biyu, cewa tana ɓata mana lokaci. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Ɗiyar wani kuwa ta zo, kuma yayata ce, wadda muke ciki ɗaya. A makarantar nan ta koyi ungozoma shekara ashirin da biyu da suka wuce, da aikin ta riƙe ni har na zama mutum. Ambaliya ta cinye mata takardu, sai ga hukumar ba da lasisi ta zo tantance ma'aikata. Aka ce ta kawo cikakken sakamakonta daga makaranta kafin Juma'a, in ba haka ba a cire sunanta, ta daina karɓar haihuwa. Ranar Laraba ta zo mini ido jawur.

Muka je wurin magatakarda. Takardun shekararsu gara ta gama da su tuntuni. Ya nemo fayil ɗin a babbar kwamfutar ofis, ya danna, sai ga 'yan akwatuna da alamomi barkatai sun cika allo, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Ya gwada a kwamfuta uku. Yaya ta zauna a benci ta ce, "Shi ke nan, ƙanena, kamar ban taɓa shiga aji ba." Magatakarda ya sosa ƙeya ya ce, "Sai dai ku gwada Inna."

Muka tafi ɗakin Inna. Na yi sallama, na fara kame-kame. Ba ta ko kalle ni ba, ta dubi Yaya ta ce, "'Yar nan, wace shekara?" Yaya ta faɗa. Inna ta jawo littafin nan mai jan bango, ta bi layi da yatsa, ta ce, "Ai na gaishe su watan jiya, suna nan ƙalau." Ta danna sau biyu. Ga sunan Yaya, ga darussa, ga maki, tsaf kamar jiya aka buga. Yaya ta rungume ta tana kuka, ni kuma na juya ina kallon kabad, wai kada a ga idona.

Da za mu fita na ce, "Inna, takardar nan da na rubuta a kanki..."

Ta ce, "Tana nan. Na sake ajiye maka ita, kada ta ɓace."

Inna, ke ce kika yi wa mutanen da ba ki sani ba tanadi tun ba su san za su nema ba. Ke ce kika sha harara da ƙorafi, ba ki taɓa ɗaga murya ba, ba ki kuma taɓa ja da baya ba. Uwar takardu, tun daga ranar nan Yaya ta karɓi haihuwa fiye da ɗari, kuma kowane jariri da ya faɗo hannunta akwai ladanki a ciki. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutun nan, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe na mutane.

Ku kuma da kuke zaune gaban kwamfuta a ofisoshi, kafin ku danna ajiyewa, ku tuna da wanda zai zo nema bayan kun tafi. Ku ajiye a tsarin da kowa zai iya buɗewa, ku riƙa leƙa tsofaffinku.

Jiya na tura mata wannan rubutu don ta gani kafin kowa. Ba a yi minti goma ba masinja ya shigo da littafi mai jan bango da 'yar takarda a kai. Ta rubuta: "Na gode, ɗan nan, har ka sa ni hawaye. Daga Alhamis mai zuwa kai za ka riƙa gaida tsofaffi. Amma wannan rubutun naka, sake ajiye shi."