Ranar da na ɓoye keken ɗinkin jikata

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba ɗana ba, ba surukata ba. Ni ɗin nan, da furfurata da karatuna na aji huɗun firamare, wanda har gobe nake cewa ya fi digirin wasu nauyi.

Shekarun baya, ban daɗe da tarewa gidan ɗana a unguwar Setapak, can ƙasar waje, ba. Yaron karatu ya zo yi, ya ƙare da auren 'yar ƙasa, ya zauna. Babbar 'yarsu tun haihuwa ƙafafunta ba sa ɗaukarta, a kujera mai taya take rayuwarta. Tana kirana Atuk, wato kaka da yaren uwarta. Ni kuma ina kiranta amaryata, kamar yadda kowane kaka mai hankali yake yi. Hausarta ni na gyara mata. Tsiwa kuwa da abarta na same ta.

Amaryar tawa tela ce. Babanta ya sa an mayar mata da abin taka keken ɗinki ya dawo sama, da gwiwar hannu take danna shi. 'Yan matan Kaduna da Filato masu karatu a unguwar nan duk wurinta suke kawo atamfarsu, ta coci da ta biki. Kwanar falonmu kullum cike take da yadi da zare, ni ne ma mai tsince ƙyallaye in ta yi yanka.

Da yake ita 'yar ƙasa ce ta wajen uwa, tana da katin masu buƙata ta musamman. Likitan asibitin gwamnati ne ya duba ta ya sa hannu, aka ba ta. Da shi ake rage mata kuɗin jirgin ƙasa, a asibiti ma ba a wahalar da ita. Iyakar abin da na sani ke nan. Sai wata safiya ɗana yana ɗaura takalmi zai fita aiki ya ce mini, "Baba, yau da hantsi wata jami'a daga ofishin jin daɗin jama'a za ta zo duba gida, kan tallafin wata-wata da aka nema wa yarinyar nan. Ita da uwarta za su je asibiti gashin ƙafa su dawo kafin ta iso. Kai dai ka zauna kurum."

Ka zauna kurum. Ni!

To, ni na san harkar tallafin gwamnati tun shi yana goye. A garinmu an taɓa zuwa rubuta sunayen mabuƙata, mai rubutun ya leƙo zaurena ya hangi rediyo da akuya biyu, ya wuce gaba bai ko amsa sallamata da kyau ba. Maƙwabcina da ya fi ni shanu ya kora su bayan gari tun asuba, ya fito da yagaggiyar riga, shi aka rubuta. Tun ranar na haddace darasi: gwamnati ba ta ba mai tsaye, sai wanda ta tarar a kwance.

Suna fita na duba falon nan da idon jami'i. Keken ɗinki yana sheƙi. Riguna a rataye an goge. Na ce yaran nan da karatunsu za su kashe kansu. Na kira abokina da ke hawa na tara, mutumin Jos, tsohon ɗan sanda da ya zo zama wurin 'yarsa. Ya sauko yana gyara tabarau.

"Malam, ka tabbata? Ƙasar nan fa ba kamar gida ba ce."

Na ce, "Gwamnati ko'ina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kama nan."

Muka ciccibi keken da teburinsa, muna nishi kamar masu naƙuda, muka kai ɗakinsa. Na ce masa ya kulle ya yi nisa, kada ya dawo sai la'asar, kada a zo bincike a same shi ya fara rawar baki. Na dawo na tattara yadi da rigunan mutane na cusa ƙarƙashin gadona. Na share zaren ƙasa tas. Har talabijin na lulluɓe da tsohon zanin gado. Sannan na cire kaftanina na sa wata tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa, na zauna a ƙasa na gwada fuskar tausayi a madubi. Wallahi ni kaina sai da na ji kamar in ba kaina sadaka.

Aka yi rashin sa'a, ko in ce sa'a, surukata da jikata suka haɗu da jami'ar a bakin lif suka shigo tare. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da ɗankwali ruwan toka da jakar takardu. Surukata ta turo ƙofa ta tsaya cak. Jikata ta kalli kwanar da kekenta yake zama, ta kalli singiletina.

Jami'ar ta zauna, ta buɗe fayil, ta yi tambaya da Turanci a hankali yadda har ni na gane: ina wurin da take aikin?

Na ce lokacina ya yi. Na matso na tattaro Turancin aji huɗu gaba ɗaya. "No work, madam. Nothing." Na ƙara da hannu da ka, surukata tana fassarawa ala tilas, don ba ta iya ƙaryata surukinta a gaban baƙuwa. Na ce yarinyar nan ba ta iya komai, sai an ɗaga ta, sai an ba ta.

Jami'ar ta ajiye biro. Ta ce, "Pakcik," haka suke kiran dattijo, "bari in yi maka bayani." Ta ce katin nan ba kuɗi ba ne, shaida ce kawai, da ita mutum yake neman abin da ya dace da halinsa. Akwai taimakon kayan aiki irin kujera ko ƙafar roba. Akwai na wanda jikinsa ya hana shi aiki gaba ɗaya. Akwai kuma na mai lalura da yake aiki ko sana'a amma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, gwamnati tana ƙara masa wani abu duk wata don kada ya bari. Wannan na ƙarshen shi jikata ta nema da hannunta, shi ya sa aka turo ta ta ga sana'ar da idonta.

"Amma in yadda Pakcik ya faɗa ne," in ji ta, "sai in rufe wannan, in rubuta ta cikin waɗanda ba sa iya aiki. Ba a haɗa wa mutum ɗaya duka biyun."

Ni da ban gama fahimta ba, na ji dai an ce za a rubuta ta. Na washe baki na jefa ɗaya daga cikin kalmomi uku da na iya na yarensu: "Boleh, boleh!" Wato ya yi, a rubuta.

"Tak boleh."

Jikata ce, wato ba zai yiwu ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta koma Hausa don kada baƙuwa ta ji.

"Atuk, ina kekena?"

Na ce yana hawa na tara, cikin aminci.

"Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake koyon abin da zan nuna wa matar nan yau. Kai a safiya ɗaya ka kwashe shi. Kuma ka ce ban iya komai ba, ina zaune."

Na sha zagi a kasuwa, na sha na direbobin tasha, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Na lalubo waya na kira abokina. Ina jin ƙarar jirgin ƙasa a bayansa. Ya ce, "Malam, ai na kusa Bukit Jalil, can ƙarshen gari. Ba kai ka ce in yi nisa ba?" Da na gaya masa abin da ake ciki ya yi dariya har da tari.

Jikata ba ta jira ni ba. Ta miƙa hannu bayan kujerarta ta ciro wata jaka da duk wayona ban tuna da ita ba: almakashi, tef ɗin awo, alli, allurai. Ta ce in fito mata da kayan mutane duk inda na kai su. Haka na durƙusa da singileti mai huji, gaban jami'ar gwamnati, ina jawo atamfa daga ƙarƙashin gado ɗaya bayan ɗaya.

Ta shimfiɗa wata a teburin cin abinci. Ta buɗe wayarta ta nuna wa matar saƙon mai kayan, wata ɗaliba 'yar Filato, da awonta da hoton ɗinkin da take so. Ta ja alli sau huɗu, ta sa almakashi, hannun riga ya fito kamar an buga shi da inji. Ta ɗauko wata rigar da ta rage kalmasa, ta zura allura ta kama yi, tana amsa tambayoyi da yarensu ba ta ko kallon hannunta. Jami'ar ta karɓi rigar ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa. Na ga ta gyaɗa kai. Ta ɗauki hotuna, ta yi rubutu mai tsawo.

Ta ce duk da haka sai ta ga keken, don ƙa'idar aikinta ke nan. Tana da wasu gidajen da za ta duba a unguwar, za ta biyo da yamma. Da za ta fita ta dube ni ta yi murmushi ta ce ba ni ne kakan farko da ya yi mata haka ba. Ban sani ba ko lallashi ne.

Abokina ya dawo da la'asar yana ta share hawayen dariya, muka sauko da keken. Kwana bakwai ina shafa man zafi a ƙugu, babu wanda ya ce mini sannu, ni ma ban nema ba.

Bayan 'yan watanni takarda ta zo an amince. Kuɗin kuma ba hannun babanta yake shiga ba, balle nawa, asusunta na banki yake faɗawa da sunanta. Da shi take biyan motar haya ranar asibiti, a hankali kuma ta ƙara da nata ta sayi injin gyara bakin yadi. Amma ni ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Takardar ce. A gurbin sana'a an rubuta tela. Na sa surukata ta nuna mini kalmar da yatsa, na daɗe ina kallonta kamar na iya karanta yaren.

Har yau in na tuna, ba ɓoye keken ne yake ba ni kunya ba, maganar da na yi ce. Da zuciya ɗaya na yi, don in sama mata, amma na yi shekara sittin ina ganin sai mutum ya ƙasƙantar da kansa ake taimakonsa, har na ɗauka haka ake nuna ƙauna. Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba ita ta ƙi a rubuta ta a kwance. Duk wanda ya shigo gidan nan karɓar ɗinki, kafin ya zauna na gaya masa jinina ce.

Sai dai hali ba ya barin mai shi. Kwanaki wasu 'yan mata biyu sun zo gwada kaya, ina ba su labarin nan, na ɗan gyara shi kaɗan. Na ce in an duba da kyau ai dabarata ce ta yi aiki, don da ban kawar da keken ba, da matar ba ta ga abin da hannun amaryata zai iya ba. Na ce ya kamata a riƙa ware mini wani abu duk wata, haƙƙin mai tsara shiri.

Jikata ta cire allurar da ke bakinta, ba ta ko ɗago kai daga ɗinkin ba.

"Kada ka damu, Atuk. Ni da Mama mun gama shawara. Ranar da za su dawo sabunta takarda, keken zai zauna inda yake. Kai za mu ɓoye."