Takardar rasuwar Inna

Inna ba 'yar Sakkwato ba ce. Baba ya auro ta lokacin da yake karatun likita a Bulgeriya, daga wani ƙauyen Musulmi manoman taba da ke kan duwatsu. A gidanmu na Minanata ta tsufa.

Takan ce sau biyu ƙauyensu ya watse. Na farko, gwamnati ce ta tilasta musu sauya sunayensu, gidaje da yawa suka tsallaka Turkiyya. Na biyu ba wanda ya kore su. Samari ne suka bi aiki zuwa Jamus, makaranta ta rufe, liman ma sai ranar Juma'a ake kawo shi daga wani gari.

A can, idan mutum ya rasu, ana buga takarda mai hotonsa da sunansa, a manna a ƙofar gidan ubansa, mai wucewa ya tsaya ya yi masa addu'a. Tana jinya ta ce mini, "Ɗiyata, ko ba kowa a garin, a manna tawa."

Bayan addu'ar bakwai na buga takardar a wani shago a Tudun Wada. Baffana malami ne, hoton bai yi masa daɗi ba, amma ya ce wasiyya ce, in cika. Dangin Inna ba wanda ya rage a ƙauyen. Gidan kakana wani baƙo ya saye, ya mai da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido. Shi na aika wa takardar, na yi masa bayani, na roƙe shi.

Da ta isa sai ya turo mini hoto ta waya. Bai manna a ƙofa ba. Ya sa ta cikin gilashi ya rataye a ɗakin cin abinci, kusa da busasshen kan barewa, ga kwalaben giya a jere ƙarƙashinta. Ya ce baƙinsa na son ta ƙwarai, har hoto suke ɗauka da ita, don ba su taɓa jin 'yar ƙauyen da ta mutu a Afirka ba.

Na rubuta masa ya fitar da ita ƙofa. Ya ce ruwa zai lalata ta. Na ce haka ake so, ba a cirewa, ruwa da rana ke cinye ta a hankali. Bai sake amsa mini ba.

Makon jiya na duba shafinsa na talla. Inna na nan a rataye, wasu na cin abinci a ƙarƙashinta.